Haula Mai Yaji da Jinyar Malam Sabitu

A unguwarmu a Gashuwa, idan ka ji mutane sun fara atishawa da hantsi alhali babu mura a gari, to Haula ce ta fara daka. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata, don haka ni nake fara shan nawa kason. Sai in ɗaga murya in ce, "Maman Afra, yau ma?" Ita kuma ta amsa daga bakin turmi, "Falmata, ki gode wa Allah, hancinki ba ya toshewa."

A Nguru aka haife ta. Kakanninta mutanen Haɗejiya ne, fatauci ya kawo su, suka ga jirgin ƙasa suka zauna. Mahaifinta Malam Sabitu bai bi layin fatauci ba, bandar kifi ya kama tun yana saurayi. Shekara arba'in yana tsaye a kan hayaƙi, ga kuma sigari da bai bari ba sai bayan ya aurar da Haula a 1993. Mijinta Laminu Babarbare ne, manomin barkono da shinkafa a fadama, mutumin da za ka wuni da shi bai yi maka magana goma ba. Ita kuwa bakinta ba ya hutawa. Shi ya nomo barkono, ita ta shanya, ta haɗa da citta da kanumfari da masoro da ƙuli-ƙuli ta daka. Har daga Dapchi masu tsire suke aikowa.

A 2004 tari ya kama Malam Sabitu. Aka yi ta magani bai ji ba, ya rame, wani lokaci har da jini. Da aka kai shi babban asibiti a Maiduguri aka yi hoto da gwaje-gwaje, sai likita ya kira Haula ya ce ciwon daji ne a huhu. Bai ɓoye mata komai ba. Ya ce aiki ba zai yiwu ba, amma akwai wani ruwan magani mai ƙarfi da ake ɗaurawa ta jijiya duk bayan mako uku, har sau shida. Bai yi alkawarin warkewa ba, ya dai ce yana iya rage ciwon, numfashi ya samu sauƙi.

Mahaifiyar Haula ta daɗe da rasuwa, yayyenta maza kuma suna can Kudu. Gashuwa ta fi Nguru kusa da Maiduguri. Magana a fili take, sai dai Malam ya zauna a gidanta. Da ta faɗa masa sai ya zaro ido.

"Ni in zauna a gidan suruki? Da raina?"

"Ai don da ran naka ne, Baba," in ji ta, ta ci gaba da ninke masa kaya.

Zaman farko abin dariya ne. Laminu ya bar masa ɗakin da ke kusa da zaure, mai taga ta tsakar gida. Kullum da safe zai cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaida shi, kafin a gama amsawa ya ɓace. In kuwa da saƙo, sai ta bakin Haula, ko da taku uku ne tsakaninsu.

"Haulatu, ki gaya wa mai gidan nan an gode da kankana."

Laminu yana tsaye a nan, kansa a ƙasa, sai ya ce, "Ki ce da Baba ba komai."

Wata ma'aikaciyar jinya a Maiduguri, Sista Rabi, ita ta zaunar da Haula ta karanta mata dokoki. Babu yaji, babu abinci mai zafi, a riƙa kurkure baki da ruwan gishiri. A nisanta shi da taro da duk mai mura, domin maganin yana raunana garkuwar jiki. In kuwa jikinsa ya yi zafi, kada a ce bari a gani zuwa gobe. Haula ba ta yi boko mai nisa ba, sai ta sa Sista ta maimaita sau uku, sannan ita ma ta maido mata kamar mai ba da hadda. Ta kuma koyi duba ma'aunin zafin jiki, ta ƙulle shi a tsumma ta adana a cikin kwalla.

Ruwan farko ya ba shi wuya. Kwana uku yana amai, daga nan bakinsa ya yi miki, komai aka ba shi ya ce kamar ya tsotsi ƙusa. Haula ta jingine turminta gaba ɗaya, don ƙurar barkono tana tayar masa da tari. Masu tsire suka yi ta ƙorafi, ta ce su yi haƙuri, akwai wanda ya riga su. Ta koma gwaje-gwajen abinci. Ta gane cewa kunun shinkafa in ya huce sosai yana wucewa, haka ma tuwo mai laushi da miyar kuɓewa, saboda santsi. Ta lura in da ludayin duma ya sha, ba ya kukan ɗanɗanon ƙarfe, sai ta ɓoye cokula. Ba ta cika masa kwano, ɗan kaɗan take kawowa, amma sau shida ko bakwai a wuni.

Shi kuwa mutum ne da ko fura sai ya barbaɗa mata yaji. Ya dubi miyar ya ce, "Wannan ai marainiya ce, ba uwa ba uba." Wata rana Haula tana wanki ya lallaɓa ɗakin ajiyarta, ya tsoma yatsa a ragowar yaji ya lasa. Ihunsa ne ya sa na leƙo ta katanga. Na tarar da dattijo zaune a ƙasa, hawaye shaɓe-shaɓe, yana fifita baki da hula, 'yarsa tana ɗura masa madara tana faɗa tana dariya. Da ya samu bakin magana ya ce, "Wallahi duk da haka ya yi daɗi."

Ranar da ba a yi dariya ba ita ce ranar gemu. Gemunsa fari ne, cikakke, yana ji da shi. Bayan ruwa na biyu, yana alwalar la'asar ya shafa, sai ga shi ya biyo hannu. Ya daɗe yana kallon tafinsa. Ya shiga ɗaki ya ja labule. Haula ta shigo gidana ta zauna a bakin murhu ta yi kuka mai isarta, ta wanke fuska, ta ce in duba ko idonta ya nuna. Washegari ta kai masa kunu ta same shi da madubi a hannu.

"Haulatu, yaro na koma. Ki bincika mini ko akwai bazawara a unguwar nan."

"Sai ka shanye kunun nan tukuna. Ba mai auren wanda iska za ta ɗauka."

Ya shanye.

Sai maganar 'yan dubiya. Mutumin da ya yi shekara arba'in a kasuwar kifi ba ya rasa jama'a. Ran wata Asabar mota guda ta taso daga Nguru, a gaba yayarsa Gwaggo Mairam, tana ta jan hanci da mura. Haula ta riga ta shirya. Ta shimfiɗa tabarmi a gindin bishiyar maina da ke tsakar gida, ta ajiye buta da sabulu, ta tsaya a ƙofar ɗakin.

"Gwaggo, sannunku da hanya. Ga wuri nan a inuwa. Ta taga za ku gaisa."

"Ta taga? Ni na goya shi kafin a san za a haife ki!"

"Na sani, Gwaggo. Ki yi mini duk faɗan da za ki yi, na ɗauka. Amma murar nan taki in ta kama shi, asibiti za mu koma."

Gwaggo ta fara naɗe mayafi za ta koma mota. Sai Malam ya turo taga, ya leƙo da kansa sul ba gashi, ya gyara murya irin ta ma'aikatan tashar jirgi. "Hajiya, tikitin ina za a yanka miki? Kano ko Kaduna? A bi layi don Allah." Gwaggo ta dube shi, ta so ta daure, dariya ta ƙwace mata, daga nan kuma ta koma kuka. A gindin mainar nan suka wuni. Sassaƙen da ta kawo kuwa, Haula ta karɓa hannu biyu ta yi godiya, ta ce sai ta tambayi likita. Likita ya ce a dakata, aka dakata.

Kwana goma bayan ruwa na huɗu, da azahar, Malam ya ce yana jin sanyi, ana tsakiyar zafi. Haula ta ciro ma'auninta ta duba, ta sake dubawa. Matan da suka shigo suka ce zazzaɓin sauro ne, a ba shi ƙwaya ya kwanta. Shi ma ya ce a ƙyale shi, ba ya son asibiti. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta ce da ni, "Falmata, tare mini mota a bakin titi, ki kuma aika fadama a kira Baban Afra." Kafin motar ta iso haƙoransa sun fara haɗuwa, bai ma san inda yake ba. Laminu ya shigo da taɓo har gwiwa. Ranar babu cire takalmi, ya sunkuci surukinsa kamar jariri ya sa a mota.

A asibitin gari Haula ta miƙa takardun Maiduguri, ta zayyana wa likita ranar da aka ɗaura ruwan da abin da Sista Rabi ta ce. Nan take aka fara masa allurai ta jijiya. Likitan ya ce da an kai gobe, da labarin ya sha bamban. Ya kuma ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara. Aka gwada na Haula bai dace ba. Aka gwada na Laminu ya dace. Sai ranar muka san cewa ƙaton nan da yake ɗaukar buhun shinkafa shi kaɗai yana tsoron allura. Ya juya fuska bango, ya karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa.

A kwana na biyar Malam ya tashi zaune ya nemi kunu. Haula ta ba shi labarin jinin. Can sai ga Laminu ya zo gaisuwa, ya tsaya daga bakin ƙofa yana ƙoƙarin zare takalmi.

"Laminu."

Shekara goma sha ɗaya Malam bai taɓa kiran sunansa ba. Laminu ya waiwaya baya ko da wani ake.

"Da kai nake. Zo ka zauna nan bakin gado. Mutumin da jininsa yake yawo a jikina, kunyar me kuma ta rage?"

Washegari da Laminu ya shigo, Malam ne ya riga shi: "Wushe, wushe!" Ya ce tun da aka ƙara masa jinin nan yake jin Barbarci yana taso masa. Bayan an sallame su, kullum da yamma sai su haƙa gurbin dara a ƙofar ɗaki. Laminu ya karɓi aikin yi masa wanka da raka shi Maiduguri. Haula ta ce da ni maganar da ta ji daga bakin mijinta a wata gudan nan ta fi wadda ta ji tun da aka kawo ta, kuma rabinta musu ne a kan wanda ya yi maguɗi.

Likitocin Maiduguri suka jinkirta ruwa na biyar, suka rage ƙarfinsa, aka lallaɓa har na shida. Hoton da aka yi daga baya ya nuna ciwon ya ragu. Maganin ya bar masa tabo: yatsun ƙafarsa sun yi dindiris ba ya jin su, kunnen hagu kuma ya yi nauyi. Da kunnen nan ya riƙa sauraron duk maganar da ba ta yi masa ba. In Haula ta ce lokacin magani ya yi, sai ya juyo mata hagu. In ta ce a can ƙasan maƙoshi ga kifi ya dahu, ya ji sarai.

Ya koma Nguru da ƙafarsa. Gemu ya sake fitowa, mai laushi kamar auduga. Bai koma banda ba, amma yakan je ya zauna nesa da hayaƙi yana gyara wa masu yi. Duk ranar kasuwa Laminu zai hau mota ya kai masa shinkafa, su buga dara ya dawo. Shekara biyu da wata uku aka yi haka. A 2007 ciwon ya dawo. Likita ya yi maganar wani ruwan, Malam ya ce an gode, a ba shi dai abin rage zafi, yana son ya ƙarasa a ɗakinsa. Haula ba ta ja da shi ba. Ta tattara ta koma Nguru, ta yi mako bakwai. Wata Laraba da hantsi ya cika, ita da Laminu da Gwaggo Mairam suna zaune a gefensa. Allah ya jiƙansa.

Tun daga lokacin, duk wanda aka ce za a ɗaura wa wani nasa irin wannan ruwan, sai a ce ya je ya ga Haula mai yaji. Kullum tana fara gaya musu cewa ita ba likita ba ce. Bara wata mata ta zo daga Jajimaji, mahaifiyarta ce ba lafiya. Ta zauna a takure, leɓenta a bushe, ta jero tambayoyi ba ko numfashi. Haula ta bari ta gama, sannan ta ce, "Yau kin ci abinci?"

Matar ta ce ba ta jin yunwa.

Haula ta tashi ta zubo shinkafa da wake ta dire a gabanta. "Jinyar nan wata biyar ce, ba kwana biyar ba. In kika faɗi wa zai ɗaga ta? Cinye, sannan mu yi magana."

Ina zaune matar ta cinye, har aka ƙara mata.