Waƙar Inna Tana Kotu

Ba zan faɗi sunanta ba, domin ta rasu, kuma a wurinmu ba a kiran sunan mamaci. Nakamarra ce, sunan rukuninta na dangi ke nan ba nata na kanta ba, ƙanwar mahaifiyata, don haka Inna nake ce mata. An haife ta kusa da idon ruwan Yarrkulu, kafin Turawa masu kiwon shanu su zagaye wurin da waya. Tun tana 'yar mitsitsiya aka kai ta gidan mai garken tana wanki da goge daɓe, ladanta gari da sukari da ganyen shayi. Ta girma ta zama mai dafa wa makiyaya abinci, ta haifi bakwai ta binne uku, ta tsufa da ciwon suga da ido ɗaya. Ga faɗa kamar me. In kika ƙona wutsiyar kangaru sai ta zage ki tas, sannan ta miƙo miki wajen da ya fi maiƙo.

Abin da ta mallaka a duniya ɗaya ne, waƙar matan Yarrkulu. Doguwa ce, tana bin sawun kakanninmu mata biyu daga tuddan yashi har inda suka nutse cikin ruwan. Namiji ba ya jin ta. Ko jinjiri ne, in namiji ne, a gida ake barinsa. Mu mun san farkonta, muna amshi, amma ƙarshen a bakin Inna kaɗai ya rage. Kuma ba a koyar da shi sai a bakin ruwan, inda aka hana mu takawa.

Ana nan sai ga Meredith, wata lauya daga Melbourne, hancinta ya yi jawur don rana. Ta ce za ta tsaya mana a kotu har a maido mana da Yarrkulu daga hannun kamfanin da ya sayi garken. Ranar farko aka ba ta naman damo, ta tauna ta haɗiye ido na hawaye, ta ce a ƙara mata. Inna ta yi dariya har da tari.

"Wannan ba ta da wayo, amma tana da ciki," in ji Inna. "Daga yau ke Nungarrayi ce, rukunin 'ya'yana, kin zama 'yata. Waccan mai ƙaton bakin, Lorraine, yayarki ce."

"Allah ya raba ni da ƙanwa mai jan hanci," na ce.

Ba zan yi mata ƙarya ba, ta yi aiki. Shekaru tana zarya. In an yi mana mutuwa tana zuwa, ta shafa farar ƙasa ta zauna cikinmu ta yi kuka. Na so ta, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Wata rana da hantsi muna shan shayi a gwangwani ta kawo maganar.

"Inna, kamfanin cewa yake kun manta da ƙasar, ba abin da ya rage muku sai labari. In alƙaliya ta ji waƙar, magana ta ƙare."

"Mace ce alƙaliyar?"

"Mace ce."

"Mai riƙe na'urar ɗaukar muryar fa?"

"Ita ma mace. Na yi miki alkawari, Inna, kunnen namiji ba zai ji ba."

Goggo Maudie, aminiyar Inna tun yarinta, ta tofar da ganyen shayi. "Kar ki yi, Nakamarra. Za su sa ta a akwati su tafi da ita. Kin san wanda zai buɗe?"

"Ba baƙuwa ce ta roƙe ni ba," in ji Inna. "'Yata ce."

Kotu ta sa aka buɗe mana ƙofar wayar na yini ɗaya. Maza duka, namu da lauyoyinsu, aka bar su bayan tudu wajen motoci. Alƙaliyar ta cire takalmi ta zauna a yashi. Muka shafa jar ƙasa da mai, Inna ta ɗauko waƙar daga farko har ƙarshe. Ranar na fara jin ƙarshen. Sai dai ji ɗaya ba ya koyar da ita. Inna ta ce mu kwantar da hankali, in ƙasa ta dawo za ta zaunar da mu har ta shiga kanmu.

Muka ci shari'a. Kamfani ya ɗaukaka ƙara a birni. Meredith ta ce ba sai mun je ba, surutun lauyoyi ne kawai. Can ma muka ci.

Aka shirya bikin miƙa ƙasa a bakin ruwan. Rumfa, tutoci, kek mai girman ƙofa, lauyoyi cike da jirgi. Kowa ya karɓi lasifika sai ya ce sulhu, ya ce sabon babi tsakanin masu shari'a da 'yan asalin ƙasa. Muna tafi, cikinmu fari ƙal.

Bayan jawabai wani dogon mutum mai furfura ya nufo inda mata ke zaune. Mista Callaghan ne, lauyan kamfanin. Ya durƙusa gaban Inna, idonsa ya kawo ruwa.

"Goggo, na yi jayayya da ke a kotu, aikina ne," ya ce. "Amma waƙar nan taki, na saurara na sake saurara. Har yau tana kaina."

Sai ya lumshe ido ya fara rera ta a maƙogwaro. Ba farkon ba. Ƙarshen.

Mazanmu da ke kusa suka toshe kunne suka watse da gudu, tsofaffi har da faɗuwa. Goggo Maudie ta ƙwala ihu, mata suka ɗauka. Inna ba ta yi kuka ba. Ta lalubi dutse a gefenta ta buga a kanta, irin yadda muke yi in an yi mana mutuwa, jini ya gangaro kan rigar bikin. Shi kuwa bawan Allah yana waige-waige yana cewa, "Wani abu na yi ne?"

Na damƙo Meredith a bayan rumfa.

"Yaya Lorraine, tsaya ki ji," ta ce. "Alƙalan kotun ɗaukaka ƙara uku ne, biyu maza. Lauyan kamfani ya ce ba adalci ba ne a yanke hukunci da shaidar da bai ji ba. Da na ƙi, da an jefar da waƙar, da kun rasa ƙasar."

"Me ya hana ki tambaye ta?"

"Na san a'a za ta ce."

"Au, ashe kin sani!"

"Ƙasarku na ceto muku, Yaya."

"Kar ki ƙara ce mini Yaya."

Ban san Inna ta biyo mu ba sai da na ji muryarta. "Maza nawa?"

Meredith ta sunkuyar da kai. "Alƙalai, da lauyoyi, da mataimakansu. Ban ƙirga ba, Inna."

"Lorraine, kai ni mota."

Daga ranar ba ta sake taka Yarrkulu ba, ba ta sake waƙa ba. Matan garuruwan da sawun kakannin namu ya ratsa suka aiko da magana mai zafi, suka ce ita ta buɗe abin da aka ba ta ajiya. Ba ta musa ba. Na roƙe ta, 'yata Tamika ta roƙe ta, muka ce ga ƙasa ta dawo, mu je ta koya mana.

"A hannuna ta lalace," take cewa. "Da wane baki zan ba ku?"

Meredith ta zo neman gafara, ta sake zuwa. Inna ta juya fuska bango. Daga baya muka ji wata ƙungiyar lauyoyi ta ba ta lambar yabo saboda sulhunta su da mutanenmu. Na ga hoton, ta yi kyau.

Inna ta rasu bara cikin sanyi. Bayan an gama zaman makoki matan suka ce tunda faifan waƙar yana akwatin kotu, a karɓo, mu kai shi bakin ruwan mu koya. Ni aka sa na buga waya kotun. Wata mata mai ladabi ta ɗauka, ta nemo shari'ar.

"Ke lauya ce a ciki?"

"Ni 'yarta ce."

"Yi haƙuri, akwai umarnin kotu a kansa. An killace shi ne don kare al'adarku. Alƙalai da lauyoyin ɓangarorin biyu kaɗai aka yarda su saurara."

Na ce, "Mista Callaghan fa?"

Ta duba. Ta ce eh, shi yana cikin waɗanda aka yarda wa.