Tulun Mama da Na Fasa

Ko tsufa ya kwashe mini sunayen jikokina, ba zai kwashe mini ranar da na fasa tulun Mama ba.

Ni ce mai kiɗan tulu a zumuntar matan cocinmu a Jimeta, kuma a lokacin kaina ya fi tulun girma. Tulun na shugabarmu ne, wadda kowa ke kira Mama. Marigayiya mahaifiyarta ce ta gina shi a ƙauyensu. Dokarsa ɗaya: ba a kaɗa shi sai a kan gammo.

Ranar gasar waƙa a Vinikilang na manta gammon a mota. Aka kira mu, coci ya cika maƙil, na ce wa zai tsaya neman tsumma? Na dire shi a kan siminti. Waƙa ta yi daɗi, mata na ta guɗa, hannuna ya ƙara zafi. Sai ji na yi ƙwas, tulu ya rabe biyu a tsakanin ƙafafuna. Waƙa ta mutu a bakin mata talatin.

Na durƙusa wa Mama ina kuka, ta ce ta yafe. Na roƙi Allah gafara ba sau ɗaya ba. Duk da haka shekara biyu ban sake taɓa tulu ba. Ina son kiɗan nan kamar raina, amma kunya ta mayar da ni bencin baya, ana cewa amin na sulale.

Ana jibi Ista Mama ta aiko in zo in taya ta tsintar shinkafa. Ina shiga gidan na ga kaji sun kewaye wani abu suna shan ruwa. Gindin tulun ne. Na tsaya ina kallonsa.

Mama ta kwashe da dariya. "Kin gani? Ya samu sabon aiki tuntuni. Ke ne kawai kin zauna ba aiki. Sau ɗaya tulu ya fashe, 'ya na, amma ke kowane Lahadi kina sake fasa shi. Yesu ya yafe, ni mai tulu na yafe, ke wane ne?"

Ta shiga ɗaki ta fito da sabon tulu, an ɗaure masa gammo tamau da igiya. "Wannan ko kin so mantawa, ba hanya."

Ranar Ista na zauna a gaba da sabon tulun. Bugun farko ya fita da ƙyar. A na uku mata suka ɗauka, Mama ta fito tsakiya tana juyi har ɗankwalinta ya faɗi. Ina kiɗa, ina kuka, ina dariya, ban san lokacin da waƙa ɗaya ta zama biyar ba.

A da na ɗauka tawali'u ne ya zaunar da ni a bencin baya. Ashe girman kan nan ne dai da ya hana ni neman tsumma. Tun ranar na koyi cewa kayan da Almasihu ya sauke maka, ba ka komawa ka ce a ɗora maka.