Kujeru Biyu a Gaban Tirela

Shekara ashirin direban nan yana jan tirela, bai taɓa ganin ana saita fitila haka ba. A sauran gareji bango ake haskawa, a ja layi da alli. Nan kuwa mai gyaran, wani dattijo siriri mai tabo daga goshi har kunci, yana jan ƙofar rumfa, wuri ya yi duhu da rana tsaka. Sai ya ƙirga taku ashirin da biyar, ya zauna kan wata kujerar ƙaramar mota da aka kafe a ƙasa.

"Kunna, direba."

Direba ya kunna, haske na dukan fuskar dattijon. Ba ya kare ido, ba ya ko ƙiftawa, hawaye na bin tabon. Direba ya leƙo daga tirela.

"Baba, za ka makance fa!"

"Ni ai a zaune nake. Wanda ka haska jiya, gudu yake da iyalinsa. Ka lafta kaya, baya ya zauna, fitila ta ɗaga kai, ba ka ma sani ba."

Dattijon ya tashi ya murɗa notin fitila kaɗan-kaɗan, ya koma ya zauna, har sau huɗu, sai da hasken ya sauka gwiwarsa.

Sai yanzu direba ya lura da kujera ta biyu a gefe, duk ta lanƙwashe irin na haɗarin mota, amma an goge ta tas. Ta matar dattijon ce? Ta 'yarsa? Ya matsa zai zauna a kanta.

"Ba nan ba," in ji dattijon a hankali. "Wannan da mai ita."