Mayafin Kwamfutar Bakin Taga

Abin da na fara gani ranar da na shiga shagon Kawu a Kakuri shi ne mayafai. Kwamfutoci biyar ne a jere jikin bango, kowace an lulluɓe ta da atamfa kamar matan da suka zo barka. Matar Kawu ce ta ɗinka su saboda ƙurar titi da kashin ƙadangare. Huɗu kore ne masu zanen ganye. Ta biyar, wadda ke bakin taga, ja ce mai ɗige-ɗige, domin yadin ya ƙare kafin a sayo ta.

Ina aji uku a sakandare lokacin, sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba. Malamar Turancinmu ta ba mu aiki: kowa ya rubuta abin da yake so gwamnatin farar hula ta yi wa unguwarsu. Ta ce wadda ta kawo nata an buga da inji, za a manna shi a allon sanarwa, shi ke nan. Wadda ta kawo rubutun hannu kuwa, za ta hau dandamali ranar Litinin ta karanta a gaban asembili. Ni kuma yarinya ce da ko sunana aka kira a aji, sau da yawa ta kusa da ni ke amsa mini. Na koma gida Unguwar Mu'azu na kasa cin abinci. Inna ta dube ni ta ce, "To ki tafi wajen kawunki mana, ba injinan ne da shi ba?"

Kawu ƙanen Inna ne. Ya yi aiki a masaƙa, da abubuwa suka fara lalacewa ya karɓi sallamarsa ya buɗe wannan shago, inda ake buga wa mutane takardu. Ba shi da intanet tukuna, sai kwamfutocin da firinta ɗaya da ke manne da ta farko, da wayoyi shuɗɗa da suka haɗa su ta bayan tebur. Ya ba ni ta bakin taga saboda ba mai son ta. Ta hannu ce, daga wani ofis da aka rufe aka sayo, shi da kansa ya soka mata waya, kuma ramin da ake saka faifai a jikinta ya lalace.

Ni dai ta yi mini. Daga nan ina ganin 'yan acaɓa da mai gasa masara, kuma ba mai ganina. Duk yamma bayan makaranta nakan zo in zauna ina tsintar haruffa da yatsu biyu. Na rubuta kan kwatar layinmu da ke cika duk damina, da famfon da sai ya ga dama. Ina yi ina canzawa, har abin da ke cikin injin ya daina kama da wanda ke littafina.

Ranar Asabar da hantsi na gama. Kawu ya zo ya danna a buga. Firinta ko motsi. Ya sake dannawa, ya leƙa bayan tebur, ya cire wayar ya hura ya mayar. Injin ya ce bai ga kowa ba.

"Kin ga irinta," in ji Kawu. "Ga 'yan'uwanta nan a gefenta, ta ce ba ta gan su ba."

Ya kira Anti, matar da ta haɗa masa sauran injinan tun farko. Wayar salula sabuwa ce lokacin, magana da ita sai a gurguje, a tsaye, a bakin ƙofa. Na ji yana cewa, "Me? Mas? Na ta taga? To. To." Ya kashe ya dawo yana sosa ƙeya.

"Ta ce wai in duba mask ɗinta, ƙila ba iri ɗaya ba ne da na sauran."

Akwai wani Inyamuri mai sayar da kayan gyaran mota a shagon kusa, yana zaune ana buga masa takarda. Shi da Kawu kullum cikin tsokana suke. Kawu ya ce, "Oga, mene ne mask?"

Oga ya ce, "Alhaji, abin rufe fuska ne mana. Kai ba ka je makaranta ba?"

Duk muka juya muka kalli ƙusar da ake rataye mayafai. Huɗu kore, ɗaya ja. Kawu ya ce, "Ikon Allah. Yaya aka yi ta sani, alhali ba ta taɓa ganinta ba?"

Ya ɗauko kore ya lulluɓe ta bakin taga, ya zura hannu ta ƙarƙashi ya danna. Oga ya ce a ba ta minti biyu ta saba. Na san a raina cewa yadi ba zai yi magana da waya ba, amma ina dai kallon firinta ina addu'a, ko a dace.

A haka Anti ta same mu bayan azahar. 'Yar kudancin Kaduna ce, doguwa, da jakar baya da ƙaramin sukudireba a cikin gashinta. Ta tsaya a ƙofa ta ga kwamfuta a lulluɓe tana gurnani.

"Alhaji, zazzaɓi take yi?"

Da Kawu ya yi mata bayani, sai da ta zauna a benci don dariya. Kawu ma ya bi ta, yana nuna Oga yana cewa shi ne malamin Turancin. Oga ya ce shi fassara kawai ya yi, ba shi ya ce a yi wa inji lulluɓi ba.

Ta yaye mayafin ta ja kujera kusa da ni. "Ke ce mai aikin?" Na gyaɗa kai. "To matso, ki gani."

Ta buɗe wani ƙaramin akwati a fuskar injin mai layuka biyu na lambobi. Na sama 192.168.1.7. Ta ce wannan adireshinta ne. Ta tashi ta buɗe irinsa a ta farko, mai firinta: 192.168.0.2.

"Ke a ina kike?"

"Unguwar Mu'azu," na ce, da kyar.

"To adireshi kashi biyu ne, sunan unguwa da lambar gida. Amma a nan duk lambobi ne a jere, ba a san inda unguwa ta ƙare gida ya fara ba. Layin ƙasan nan shi ke faɗa. Shi ne mask, ba na matar Alhaji ba."

Ta nuna da farce. A ta farko an rubuta 255.255.0.0. Ta ce duk inda aka ga 255, wannan gurbin sunan unguwa ne, inda aka ga sifili lambar gida ce. Wato ita ta farko gurbi biyu kawai take dubawa. In ta ga 192 da 168, to ɗan unguwa ne, sai ta yi masa magana kai tsaye. Sauran ukun ma haka.

Na dubi tawa. 255.255.255.0. Na ƙirga a zuci, uku ne. Na dubi gurbi na uku a adireshin biyu: tawa ɗaya, waccan sifili.

"Ita uku take dubawa," na ce, ban san ya fito ba.

"Yauwa. Tsohon ofishinta ne ya saita ta haka. Da ta ga na ukun ya bambanta, sai ta ce waɗannan 'yan wata unguwa ne, ba za ta yi musu magana da kanta ba, sai ta ba ɗan aike. Ɗan aike kuma babu shi a shagon nan. Su suna ɗaukarta maƙwabciya, ita tana ɗaukarsu baƙi. Ko sun yi mata sallama, amsarta ba ta zuwa."

"Girman kai," in ji Oga.

"Kunya dai," in ji Kawu, yana kallona ta gefen ido.

Anti ta tura mini kibod. Na goge 255 na uku na saka sifili da yatsa ɗaya. Injin ya nemi a kashe shi a kunna, aka yi. Da ya dawo, sai ga sauran huɗun sun bayyana a fuskarsa, ƙananan hotuna a jere, har da firinta a ƙarƙashin ta farko. Anti ta ce in danna. Firinta ta yi tari, ta ja takarda, ta fara fito da kan maganar.

Sai aka ɗauke wuta.

Fanka ta yi ta juyi a hankali har ta tsaya. Takardata rabi a ciki, rabi a waje. Anti ta ce kar in damu, aikin yana nan a ajiye, ta saɓa jakarta domin ana jiranta a Gonin Gora. Kawu ya fara lulluɓe injinan. Dokarsa kowa ya sani: ba ya tayar da janareta sai aiki ya taru, kuma ranar Lahadi ba ya buɗe shago. A Kakuri in wuta ta tafi ranar Asabar da yamma, ba mai jiranta.

Takardar ta hau allon makaranta ranar Litinin, kwatar layinmu da famfonmu duka, ban kuma hau dandamali ba. Amma a wannan lokacin ban san haka ba. Abin da na sani shi ne shagon ya cika: Oga da yaransa biyu, wani dattijo mai jiran takardar neman aiki, da mai masara da ta leƙo neman canji. Asembili ne ƙarami. Na miƙe tsaye, kujerar ta yi ƙara, duk suka juyo. Na riƙe gefen tebur, na ɗaga murya yadda ban taɓa yi ba a shagon.

"Kawu, don Allah a tayar mini da janareta. Shafi ɗaya ne."