Badon Inna a Rabin Tano

Shekarar da Inna ta daina cin abinci, ni na koma manomiyar bado. Daga ƙauyenmu na wajen Tanda muka ɗauko ta bayan ɓarin jikinta ya shanye, muka kawo ta gidana nan Gaya. Sana'ata sayar da abinci, direbobin kamiyo, manyan motocin kaya da ke layin duwan wajen ’yan kwastan, har santin miyata suke, amma uwar da ta haife ni sai ta dubi kwano ta kau da kai. Kullum ƙara ramewa take. Abu ɗaya take ambata, ’ya’yan bado, waɗanda suka ci suna yara wata shekarar yunwa.

Na aika gida a samo. Tabkin da badon ke fitowa ya zama gonar shinkafa. Abin da ƙanena ya iya kawowa saiwa ce cikin laka, a tsohon buhu.

Maigidana ya yanka tano, wato gangar ƙarfe, gida biyu, na zuba lakar a rabi ɗaya, na cika da ruwa. Daga nan wahala ta same ni. Rana ta shanye ruwan, in dawo da yamma ƙafafuna sun kumbura, in kama jan bido, jarkar ruwa, daga pampo. Sauro ya tare a gidan, maƙwabciya ta fara habaici ta kan katanga, dole na roƙi masunta ƙananan kifi na saka su cinye tsutsar sauron. Akuya ta cinye ganyen farko. Wallahi na gaji, akwai ranar da na tsaya da niyyar kifar da tanon in huta, sai na ga idon Inna a kaina.

Furen ma ban taɓa ganin shi a buɗe ba. Ina fita bai buɗe ba, ina dawowa ya rufe. Inna ke ba ni labari, da bakinta da ya karkace. Ita ta hana ni tsinke wanda ya yi yaushi.

"Bar shi ya nutse, ’yar nan. Can ƙasan ruwa yake nuna."

Da kaka na lalubo ’ya’yan cikin laka, ’yan dunƙule kamar ƙananan albasa. Na shanya, na sussuka, na dafa yadda ta ce. Duka bai cika ludayi ba. Na zauna gabanta, na ba ta a baki.

Ta daɗe tana taunawa. Sai ta tofar a tafin hannunta mai lafiya, ta zuba masa ido.

"Ba daɗi," ta ce. "Ashe da ma can ba daɗi. Innata ce ke ba ni."

Na kai kwanon wajen wanke-wanke, na dawo da ragowar shinkafar da ban sayar ba, na zauna inda nake. Na ɗebo da hannu, ba da cokali ba, na kai bakinta. Ta buɗe.