Cukun Haula da Hadarin Jumma'a

Shekara ashirin Haula ta yi tana yin cuku da madarar shanunta a Kalfu, ba ta taɓa kai shi kasuwa da danshi ba. Bana aka gayyace ta bikin abinci na titi a Tawa, ranar Asabar. Tun Alhamis ta shanya cukun bisa tabarma, sai gajimare ya rufe rana.

Zama ya gagare ta. Ta fita ta taɓa cukun, ta dawo, ta sake fita tana duban sama. Ga geron mijinta Illa, kwana goma sha biyu yana jiran ruwa.

"Haula, wace addu'a kike yi?" in ji Illa yana murmushi. "Kada ki kore mana hadari!"

"Malam, bakina a rufe yake. Rana nake so, amma wa zai roƙe ta da damina?"

Jumma'a da la'asar ruwa ya sauko. Ta kwashe cukun da gudu, ta latsa guda, yatsa ya nutse. Da safe motar Tawa ta tashi ba da ita ba. Ta ɗauki hauya ta bi Illa gona, tana ta waiwayen hanya.