Rarar Wutar Malam

Muna idar da sallar asuba muka bar Fallowfield, unguwarmu a Manchester, ni da 'yata da mijinta da ke tuƙi. 'Yar tawa ce ke rubuta muku wannan, kun san ban yi boko ba, kuma na ce ta sa yadda na faɗa. Muna fita 'yan jami'a na dawowa daga yawonsu, wata yarinya riƙe da takalmanta a hannu. Na yi mata addu'a a zuci.

Birmingham muka nufa, gidan babban ɗana a Erdington. Rabona da gidan tun fitata takaba. A can maigidana Malam ya rasu cikin sanyin bara, kuma har yau in an ambaci garin sai idona ya kawo ruwa. Ba na ɓoyewa.

Abin da ya ɗaga ni waya ce. Ɗana ya ce solar da babansu ya dage aka sa a rufin gida, da zafi ya shigo har rara wutarta take yi, tana bin waya zuwa maƙwabta. Kun san Malam. A Kano, in ya tada janareta sai ya ja waya ta kan katanga zuwa gidan maƙwabci, ko ƙwai ɗaya ne su kunna, bai taɓa karɓar komai ba. Na ce ashe mutumin nan yana kabari wayarsa na nan tana tsallaka katanga. Dole in je in gani.

Hanyar santsi kamar an goge ta. Tumaki birjik a saura, ba makiyayi ko ɗaya, na rasa wa ke kora su gida. Mun tsaya shan shayi a wani wurin hutun matafiya, aka ba ni ruwan zafi da 'yar jakar ganye a kofin takarda. Surukina ya fara juya kuɗinsa zuwa naira, na roƙe shi ya bari in haɗiye tukuna.

Da muka isa, na tsaya a bakin titi na ɗaga kai. Baƙaƙen faifai ne jere a rufi, ba ƙara, ba hayaƙi, ba warin fetur. Ɗana ya nuna min hoton gida a wayarsa da wata kibiya, ya ce akwai mita mai auna wutar da ta shigo da wadda ta fita. Rabin bayanin ya juye Turanci. Abu ɗaya na riƙe: wadda gida bai sha ba, ita ke fita.

Ranar Juma'a kowa ya watse. Ɗana ya tafi asibiti aiki, matarsa ofis, yara makaranta, 'yata da mijinta sun je gaisuwa Ladywood. Rana ta fito tar. Na ce yau Juma'a, bari Malam ya samu kaso mai tsoka. Soket ɗin ƙasar nan kowanne da ɗan makunninsa, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na kashe talabijin, na kashe firji, na kashe ɗan akwatin intanet ɗin nan mai ƙyafta ido da yara ke bauta wa, na shiga gareji na kashe babbar firiza. Na zauna a kujerar Malam da carbi, ina kuka ina jin daɗi. Kafin su dawo na mayar da komai. Ta gareji kaɗai na manta.

Sai ranar Lahadi surukata ta shigo ɗakina ta durƙusa, hannunta jiƙe.

"Umma, ko kin ɗan taɓa soket ɗin gareji?"

Naman layyarta ne a ciki, kusan rago guda, duk ya saki sai ɗan sauran sanyi. Na faɗa musu abin da na yi da dalilina. Ɗana ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata.

"Hajiya, ba kyauta take tafiya ba fa. Kamfanin wuta ke saye, ya rage mana a bill, shi kuma ya sayar wa maƙwabta."

"To wane gida ne ya samu ta babanku?"

"Ba a sani ba. Tana fita take gauraya da ta kowa."

Na ce rana ta Allah, rufi naka, maƙwabci kuma ya biya kuɗinsa, to ladan na wa? Ya ce Allah Ya ga niyyata. Na san Ya gani. Amma ni na ɗauka ina aika wa mijina guzuri ne, ashe kasuwa nake ci wa kamfani. Na yi kuka sosai, ba don nama ba.

Surukata ce ta katse mu, Allah Ya yi mata albarka. Ta ce naman da ya saki ba ya komawa firiza, mu tashi. Aka aika babban titin Erdington sayo attaruhu da albasa, muka wuni suya har ƙararrawar hayaƙi ta yi ta ihu. Ya fi ƙarfin cikinmu, sai muka zuba a robobi muka bi layi muna ƙwanƙwasa ƙofa, 'yata na yi min tafinta. Wata Hajiya 'yar Kumasi ta jawo ni ciki, ta ɗaga hannu ta yi wa Malam addu'a da irin Hausarsu har muka jiƙa mayafi mu biyu. Wani tsohon Bature mai sanda ya daɗe yana kallon robar, sannan ya ce wani dattijo mai farar hula daga gidan ɗana ne ke fitar masa da kwandon shara duk ranar kwasa, ya yi ta mamakin ina ya shiga. Ban taɓa sanin Malam na yin haka ba. Ni na faɗa masa ya rasu, ya cire hularsa.

Mun dawo Manchester cikin yayyafi. Har yanzu ban gane yadda wuta ke komawa baya a waya ɗaya ba, kuma na daina tambaya. Abin da tafiyar ta koya min shi ne a ƙasar nan rara ma saye ake yi, wadda kake so ta zama sadaka sai ka ɗauka da hannunka. Ɗana ya ce duk abin da kamfani ya rage musu na babansu ne. Na ce to a sayi nama, a fara da ƙofar mai sanda.

Yanzu kullum da safe nakan sa 'yata ta duba min a waya ko akwai rana a Birmingham. Yau ta ce akwai.